Ɓera Zakaran Gwajin Dafi Ne: Binciken Cutar Hapis da Nauyin da Ke Kan Manazarta Hausa

Duk mai bibiyar labaran kiwon lafiya a kafofin yaɗa labarai na Hausa ya saba da wani salon kanu: masana sun gano maganin cuta kaza, ko kuma an kusa samun rigakafin cuta kaza. Idan aka bi sawun labarin zuwa tushensa, sau da yawa akan tarar gwaji ne aka yi a kan ɓeraye a wani ɗakin bincike na Turai ko Amurka, amma kafin labarin ya iso kunnen Bahaushe an jefar da ɓeran a hanya. Ra'ayin da nake son karewa a wannan maƙala shi ne cewa jefar da ɓeran nan kuskure ne na harshe mai illa ga lafiyar jama'a, kuma gyara shi aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan likitoci. Zan kafa hujja da binciken da ake yi a kan garkuwar jiki game da cutar da likitoci ke kira herpes simplex, wadda zan riƙa rubutawa hapis, sannan in auna shi da abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum ta yammacin jihar Zamfara, inda mutane suka taɓa ganin dabba ta riga ɗan'adam faɗuwa.

Abin da ake nema a jikin ɓera

Hapis cuta ce da ƙwayar bairas ke haddasawa, kuma nau'i biyu ce. Nau'i na farko, HSV-1, galibi tun yarinta ake ɗaukarsa ta yawu da cuɗanya, kuma shi ne ke fitar da ƙurajen nan masu ruwa a leɓe ko gefen hanci bayan zazzaɓi. Nau'i na biyu, HSV-2, ta saduwa ake ɗaukarsa, yana kuma fitar da ƙuraje da gyambo a al'aura. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da nau'in farko, yayin da mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da na biyu. Nahiyar Afirka ce ta fi yawan masu nau'i na biyu, kuma mai shi ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki. Har yau babu allurar rigakafin ko ɗaya daga cikinsu. Maganin da ake da shi, kamar asiklobir, yana kwantar da ciwon ne kawai, ba ya fitar da ƙwayar daga jiki.

Dalilin haka shi ne ɗabi'ar ƙwayar. Bayan ƙurajen farko sun warke, sai ta bi jijiyar ji ta koma wani ƙulli na jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa ko kusa da laka, ta yi likimo a can har ƙarshen rayuwar mutum, tana tasowa idan zazzaɓi ko wahala ko raunin jiki ya ba ta dama. Ba za a iya yanka mutum mai rai a leƙa wannan maɓoya ba, shi ya sa aka koma ga ɓera. A shekarar 1971 Jack Stevens da Margery Cook na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka nuna cewa ƙwayar tana nan a ɓoye cikin ƙullin jijiyoyin ɓeran da ya warke, kuma ana iya tayar da ita. A farkon shekarun 2000 ɗakin binciken Robert Hendricks na Jami'ar Fitsbag ya nuna, a jikin ɓera, cewa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD8 suna zaman gadi a kewayen jijiyar da ƙwayar ta ɓuya, suna hana ta tashi. An kuma ga irin waɗannan masu gadi a jikin mutane. A 2012 Haina Shin da Akiko Iwasaki na Jami'ar Yel suka gwada wata dabara a kan ɓeraye mata, inda bayan allura aka shafa wani sinadari da ke janyo masu gadin zuwa ƙofar da cutar ke shigowa. A 2024 kuma ayarin Keith Jerome na cibiyar Fred Hutch da ke Siyatil ya ba da rahoton cewa ya kawar da kashi 90 cikin 100 ko fiye na ƙwayar da ke likimo a jijiyoyin ɓera ta hanyar datse ƙwayoyin gadonta. Wanda ya ce ɓera bai koya wa likitanci komai ba a wannan fage bai yi adalci ba.

Inda ɓera ya tsaya

Sai dai hapis cutar ɗan'adam ce, ɓera aro ya yi. A jikin mutum ƙwayar tana da wani furotin mai suna ICP47 da ke toshe hanyar da ƙwayar halitta ke bi ta sanar da garkuwar jiki cewa an shige ta; a jikin ɓera wannan furotin ba ya aiki da ƙarfi, don haka garkuwar ɓera tana ganin abin da garkuwar mutum ba ta gani. A jikin mutum ƙurajen suna dawowa da kansu lokaci zuwa lokaci, amma a jikin ɓera ba kasafai hakan ke faruwa ba sai an tsokano ƙwayar, shi ya sa masu nazarin dawowar ciwon ke komawa ga ɓeran Masar ko zomo. Kafin ɓera mace ta kamu ta al'aura ma, akan yi mata allurar Depo-Provera tukuna domin fatar wurin ta yi laushi.

Sakamakon wannan bambanci ya bayyana a fili. Wata allurar rigakafi ta kamfanin GlaxoSmithKline, wadda aka gina a kan wani furotin na fatar HSV-2, ta ba da kariya a gwajin dabbobi. Da aka gwada ta a kan mata 8,323 a Amurka da Kanada, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna ba ta hana ciwon HSV-2 ba, ko da yake ta rage ciwon al'aura da HSV-1 ke jawowa da kashi 58 cikin 100. Kafin ita, wata allurar kamfanin Chiron ta faɗi irin wannan jarrabawa a 1999. Da mai fassara ya sanar da Hausawa tun daga matakin dabbobi cewa an samu rigakafi, da ya yi musu albishir da abin da har yau bai samu ba.

Akwai wani gibin da ya fi shafar mu. Ɓeran ɗakin bincike a keji mai tsabta ake haifarsa, abincinsa a aune yake, bai taɓa yin zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ba. A 2016 ayarin David Masopust na Jami'ar Minesota ya buga a mujallar Nature cewa garkuwar jikin irin wannan ɓera ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, yayin da ta ɓeran da ya yi cuɗanya da cututtuka ta fi kama da ta baligi. To, ina kamar wannan ɓera da yaron da aka kawo asibitin Gummi ko na Anka, wanda a shekara guda ya sha zazzaɓin damina, ya yi ƙyanda, tamowa ta kama shi, wataƙila ma da dalma a jininsa?

Wannan tambaya tana da tushe a ƙasarmu. A 1979 Hilton Whittle da John Sandford-Smith da abokan aikinsu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun buga bayanin yaran da hapis ta yi wa mummunan gyambo a baki da ido bayan sun yi ƙyanda, musamman waɗanda ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ƙwayar da ke fitar da ɗan ƙurji a leɓen yaro mai ƙoshi ita ce ke iya cinye idon yaron da ƙyanda da yunwa suka karya wa garkuwa. Ɓera na yau da kullum kuwa ba ya kamuwa da ƙyanda sam, sai an sauya masa ƙwayoyin gado. Ke nan yanayin da hapis ta fi yi wa yaranmu ɓarna shi ne yanayin da ɓera ya fi kasa kwaikwayo.

Agwagin Zamfara

Wani zai ce, tunda haka ne, a bar zancen ɓera gaba ɗaya, me ya haɗa mutum da dabba? Amsar wannan tana cikin tarihin Anka da Bukkuyum. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, waɗanda ke sa ido a kan sanƙarau, suka lura yara suna mutuwa da amai da jijjiga a wasu ƙauyuka, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta ba ya yi musu aiki. Daga baya aka tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Annobar ta shafi Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega, kuma yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. Bagega ba ta samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013.

Abin lura a nan shi ne abin da mutanen yankin suka shaida wa masu bincike: watanni kafin mutuwar yaran, agwagi sun fara ɓacewa. Agwagwa tana kiwo da baki a cikin turɓaya da kududdufi, don haka ta riga yaro shan gubar. Mutane sun gani, amma babu wanda ya ɗauki abin a matsayin gargaɗi, alhali Bahaushe da kansa ya ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuskuren da aka yi a 2010 shi ne raina shaidar dabba; kuskuren da kanun labaranmu ke yi a yau shi ne ɗaukar shaidar dabba tamkar hukuncin ƙarshe. Agwagwa ta nuna akwai guba a ƙasa, amma sai da aka auna jinin yaran kansu aka san yawan dalmar da ke jikinsu da wanda ke bukatar magani.

Hausa tana da kalmar da ta riƙe wannan ma'auni daidai, wato zakaran gwajin dafi. Maharbi ya dafa dafinsa, sai ya gwada shi a kan zakara kafin ya shafa wa kibiya. Idan zakaran bai faɗi ba, ya san aikinsa bai yi ba. Idan ya faɗi, ya san dafin yana da rai, amma bai isa ya ce ɓauna za ta faɗi ba sai ya je dawa. Abin takaici, a Hausar jaridu ta yau ma'anar wannan magana ta karkata zuwa yabo, har ana kiran gwarzo ko abin koyi da ita. Idan aka maido mata da ma'anarta ta asali, babu fassarar da ta fi ta dacewa da matsayin ɓera a ɗakin bincike, kuma manomi a Bukkuyum zai fahimce ta ba tare da dogon sharhi ba.

Gibin kalmomi

Matsalar ba a kanu kaɗai ta tsaya ba, kusan kowace kalmar da labarin ke bukata tana da tangarɗa. Ta farko ita ce ɓera da kanta. A karin harshen Zamfara da Sakkwato kusu ake cewa, kuma kalmomin biyu duk sun haɗa ƙananan ɓeraye da manya. Ɓeran da ake gwajin hapis da shi jinsinsa daban da ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, amma mai sauraron rediyo da aka yi shekaru ana gargaɗinsa a kan ɓera da Lassa, idan ya ji an haɗa ɓera da allura a jimla guda, ba lallai ne ya fahimci abin da ake nufi ba. Ta biyu ita ce jijiya, wadda a Hausa ta haɗa hanyar jini da jijiyar ji da igiyar da ke riƙe tsoka. Wanda aka ce wa cuta ta ɓuya a jijiya zai iya ɗauka a jini take, ya nufi wanzami a yi masa ƙaho.

Ta uku, kuma mafi nauyi, ita ce sunan cutar. A bakin jama'a da masu tallar magani a kasuwa, kusan duk abin da ya shafi al'aura ciwon sanyi ne, ko ƙwayar bakteriya ce ta kawo shi, ko naman gwari, ko bairas. Matar da hapis ke dawo wa duk bayan 'yan watanni za ta yi ta sayen kafso a kemis da jiƙe-jiƙen maganin sanyi, ƙurajen su warke da kansu kamar yadda ɗabi'arsu take, ta yaba maganin, sannan su dawo. A wannan kasuwa ce labarin da ke cewa an gano maganin hapis yake sauka. Sannan sunan da aka ba cuta yana ɗauke da hukunci. Ba a manta da muhawarar da ta tashi a watan Afrilun 2017 ba, lokacin da gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar sanƙarau da saɓon Allah, musamman zina. Idan aka kai ga haka a kan cutar da ake ɗauka ta numfashi, sai a duba abin da zai biyo baya idan aka laƙaba wa hapis sunan da ya ɗaure ta da alfasha, alhali mafi yawan masu nau'in farko tun suna goye suka same shi. Kunya za ta hana mai ciki gaya wa ungozoma ko ma'aikaciyar jinya cewa tana da ƙuraje, alhali hapis ɗin da jariri ke ɗauka wajen haihuwa na iya kashe shi.

Shin wannan ne abin da ya dame mu?

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce ta fifiko. Yankin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukansa, inda tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen asibiti, ina shi ina damuwa da ɓeran Amurka? Na yarda cewa hapis ba ta cikin manyan masu kisa a Gummi ko Anka. Amma abin da ake karewa a nan shi ne yarda, wadda duk aikin lafiya ya dogara a kanta. Arewa ta san tsadar rasa ta. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, kuma zargin cewa ba a yi wa iyaye cikakken bayani ba ya kai ga shari'ar da aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Inuwar wannan lamari tana cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da allurar shan inna a 2003 a wasu jihohi, ciki har da Zamfara. Duk alƙawarin maganin da aka yi da Hausa bai cika ba, yana rage darajar gaskiyar da za a faɗa gobe game da allurar ƙyanda. Kuma ranar da za a kawo wata allurar gwaji ƙasar Hausa, uban da za a nemi izininsa yana da haƙƙin a gaya masa da harshensa cewa an gwada ta a kan kusu, an ga kaza, amma ba a san yadda za ta yi wa ɗansa ba tukuna.

Abin da ya kamata a yi

Ba daga tushe za a fara ba. Akwai aikin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, akwai kuma aikin da Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda ya samar da jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Ibo da Yarbanci a 2017. Abubuwa uku nake ganin sun rage.

Na farko, a kafa ƙa'ida ga masu fassara da ɗaliban da muke horarwa cewa sunan dabbar da aka yi gwajin a kanta ya fito a cikin kanun labari, kuma a bambance matakai uku da kalmomi tabbatattu: an gwada a kan dabba, ana gwadawa a kan mutane, hukuma ta amince. Kalmar gano magani a keɓe ta ga mataki na uku kaɗai.

Na biyu, kafin a ƙirƙiri suna a ofis, a tattaro wanda ke bakin mutane. Iyaye mata da ungozomomi da wanzamai na Anka da Gummi da Bukkuyum sun daɗe suna ganin ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi da gyambon baki bayan ƙyanda, kuma ta bakinsu za a ji yadda suke kiransu da yadda suke rarrabe su. Rashin tsaro ya sa shiga ƙauyuka da wuya, amma muna da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma da yawa daga mutanen ƙauyukan suna zaune a manyan garuruwa yanzu.

Na uku, sassan Hausa su zauna da kwalejojin likitanci a Sakkwato da Kano da Zariya su tantance kalmomin da suka shafi garkuwar jiki ɗaya bayan ɗaya. Na ba da shawarar likimo ga zaman ɓoyon ƙwayar cuta, da jijiyar ji domin a raba ta da hanyar jini, da zakaran gwajin dafi ga dabbar gwaji. Mai yiwuwa wasu su kawo waɗanda suka fi su, kuma hakan shi ne amfanin zaman. Likita ya san abin da ɓera ya nuna da inda ya gaza, amma wanda ya san yadda jimlar za ta sauka a kunnen mai goyo a asibitin Gummi shi ne manazarcin harshe, kuma idan bai zauna a teburin ba, mai tallar maganin sanyi ne zai ci gaba da yi wa jama'a fassarar.